Kawu Mai Farin Tsiro

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Ranar da aka kai shi makwanci, in ka jefa allura sama a ƙofar gidansa, sai dai ta faɗo a kan hular wani. Tashar Magama inda nake kamasho ta watse tas, direbobi suka bar motoci da fasinja a ciki suna ta fifita. Mai shayin bakin boda ya kife tukunyarsa, abin da bai yi ba ko ranar da matarsa ta haifi tagwaye. Wani tsohon ɗalibinsa da ya zama likita ya taso daga Katsina, ƙato da shi, yana kuka kamar yaron da aka ƙwace wa rake. Wata malama Kirista da suka yi koyarwa tare ta zauna cikin mata tana share hawaye, tana cewa shi ne ya nuna mata ana iya koyar da kimiyya da ƙwarya da wake. Manoman Daddara suka zo a ƙasa, babbansu ya riƙe hannuna ya ce, "Yanzu wa zai riƙa bin mu gona yana roƙon tsiron da muke tugewa mu yar?"

Inna, matar Kawu, ita ba ta yi kuka mai sauti ba. Da na shiga na durƙusa gabanta, sai ta dube ni ta ce, "Ya tahi bai ji kalmar da yake jira ba."

Ban tambaye ta wace kalma ba. Kowa a Jibiya ya san ta, kuma kowa ya san bakin da ta maƙale a ciki. Mai bakin ma yana waje a lokacin, ya zo da babbar riga mai sitaci wadda in ya motsa sai ka ji kamar ana naɗe kwano, ya raba mutane ya zauna a tabarmar gaba, yana jan carbi yana cewa, "Allah Ya jiƙan Malam, mutumin kirki, ba ya da abokin faɗa." Tsohon surukin Kawu ke nan, uban mutumin da ya taɓa auren 'yarsa. Zan riƙa ce masa Alhaji kawai, tunda alhazai a garin nan sun fi yashin gulbi yawa, kowa ya tsargu da shi nake. Wannan mutum shi ne ya ce jikar da aka haifa masa a gidan Kawu ba jininsa ba ce. Yarinyar ta girma, ta gama sakandare, har yau ba ta da dangin uba da za su tsaya mata, duk wanda ya nuna yana son ta sai a ja shi gefe a raɗa masa magana. Kalmar da Kawu ya mutu yana jira ita ce Alhaji ya buɗe baki gaban mutane ya ce, tawa ce.

Na rubuta wannan don kada a manta da Kawu, kuma don kada a manta da abin da aka yi masa. Masu cewa ta'aziyya ba wurin tone-tone ba ce su yi haƙuri, ni da fartanyata na zo.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, malamin ilimin halittu. Gajere ne, siriri, in iska ta taso sai mun sa masa dutse a aljihu. Amma in ya shiga aji, ko ɓera ba ya motsi. Darasin da ya fi so a duniya shi ne na sauyin ƙwayoyin gado, wato yadda abin da iyaye ke miƙa wa 'ya'ya a jini yakan ɗan sauya a hanya. Ni ne kayan koyarwarsa na farko. An haife ni da cindo, wanzami ya cire shi tun ina jariri, ya bar ɗan tabo a gefen ƙaramin yatsa. Duk shekara, har bayan na bar makaranta na kama tasha, sai Kawu ya aiko a kira ni, ya ɗaga hannuna gaban yara kamar na ci dambe.

"Kun ga wannan? Da yatsu shida ya zo. Ubansa ma haka, kakarsa ma haka. Wa ya yi masa asiri?"

Yara su ce, "Babu kowa, Malam!"

"To, ku duba shi da kyau. Yatsa ya ƙaru, hankali ne bai ƙaru ba."

Haka zan tsaya ana yi mini dariya, in koma tasha ina fahariya cewa gwamnati ba ta iya koyar da kimiyya sai da ni.

Ba ya yarda da alli kaɗai. Yakan ce abin da hannu bai taɓa ba, kai ba ya riƙe shi. Zai zo da iri huɗu a ƙulle: farin wake, jan wake, masara da gurjiya, duk an jiƙa an huda. Ya zura su a zare yadda ya ga dama, ya ba yaron da ke kan layi, ya ce ya zura nasa zaren daidai da wannan, ya miƙa wa na bayansa, shi ma ya kwafa daga na gabansa, har ƙarshen aji. Shi kuma ya ɗauki gwangwani yana kaɗawa da sanda, yana ƙara sauri, yana ihu, "Maza! Ƙwaya ba ta jiran kowa!" Yara na gaggawa, wake na zubewa. In an gama sai ya jera zaren farko da na ƙarshe a kan tebur. Nan wani ya sa jan wake a gurbin fari. Can wani ya tsallake masara ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya goce. Wani kuma ya ninka gurjiya. Abin da ya fi burge shi, duk wanda ke bayan mai tuntuɓen ya kwafi tuntuɓen da gaskiyarsa, bai san ma an yi ba.

"Haka jikinku ke yi," in ji shi. "Kwafi yake yi ba dare ba rana. Mai kwafi kuwa ba ya rasa tuntuɓe. Wani tuntuɓen ba ya komai, wani ya kawo ciwo, wani ya kawo alheri. Duk da izinin Ubangiji, babu ƙwayar da ke motsi ba da saninSa ba. Amma ku gaya mini, na ƙarshen layin nan, mi ya yi da za a zarge shi?"

Gidansa kuwa ya zama kamar kasuwar kaji ta masu larura. Yana da kaza durgu mai gajerun ƙafafu, yana da fingi mai birkitaccen gashi, yana da wani zakara mai tsiraicin wuya da ko ni kunyar kallonsa nake ji. Ranar kasuwa sai ya tsallaka wajen dangi a Nijar ya dawo da wata sabuwar halitta a kwando. Ma'aikatan bakin boda na ɓangarorin biyu sun san shi, in sun hango shi sai su ce, "Malam, yau kuma mi aka samo?" Ya buɗe kwando ya tsaya ya yi musu darasi har sai layin motoci ya kai Daddara. Inna ta sha gaya masa, "Malam, irin kajin nan bokaye ke nema, mutane za su yi magana." Ya ce, "Su yi. Boka yanka su yake, ni tambayarsu nake."

Sai kuma farin tsiro. Manoma sun san shi: ka shuka masara, cikin kore sai ka ga wani ya fito fari sol kamar an wanke shi da sabulu, ya yi 'yan kwanaki ya mutu. Wasu na cewa kambun baka ne. Kawu ya bi wani manomi har ya samo irin da ke yawan fid da shi. Duk zango sai ya raba wa yara gwangwanayen tumatir, kowa ya shuka, su zuba ido. In sun tsiro sai a ware kore da fari, a ga kore ya fi yawa nesa, amma fari bai taɓa rasa fitowa ba, alhali iyayen duka kore ne. In an yi hutu sai ya kwaso gwangwanayen ya jera su a gindin katangar gidansa.

A nan ƙaddara ta same shi.

'Yarsa, taubashiyata, ta auri ɗan Alhaji. Da cikinta na fari ya tsufa, aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Lokacin hutu ne, gwangwanaye na jere. Mai ciki ana son ta riƙa motsa jiki, sai ta ɗauki aikin ba su ruwa da safe. Ina zuwa ina tsokanarta, "Taubashiya, an mai da ke leburar gwamnati ba albashi." Ta ce, "Gara ni, kai da aka mai da kai allo fa?" Dangin mijinta mata sukan zo duba ta, suna ganinta tsugune gaban farin tsiro da buta.

Ta haihu lafiya. 'Ya mace, zabiya, fara tas, gashinta kamar zaren auduga da aka tsoma a shayi. Kawu ya karɓe ta yana murmushi ya ce, "Sannu da zuwa, amaryata. Kin sha hanya."

Kafin a yanke cibi magana ta kai gidan Alhaji, kafin a binne mabiyiya ta dawo da ƙafafu. Aka ce Malam ya sa 'yarsa ta yi ta kallon farin tsiro da ciki har abin ya shige ta. Aka ce dama kajin nan ba na banza ba ne. Da masu hankali suka fara dariyar wannan zance, sai Alhaji ya sauya waƙa, ya fito da wadda ta fi dafi. Ya ce, "Mu dai a danginmu kaf, daga nan har Maraɗi, babu fari. A tambayi uwar inda ta samo shi."

Ku ji fa. Yarinyar da ko kasuwa ba ta zuwa sai da rakiya.

Ranar suna babu rago daga gidan uba, babu goro, babu ko mai leƙowa. Kawu ya kama ragon da yake turke don layya ya yanka, shi ya yi wa jaririya huɗuba, shi ya raɗa suna. Mijin, wanda in ubansa ya yi tari shi ke cewa sannu tun kafin a gama, ya aiko da saki ko arba'in ba a yi ba.

Kawu bai yi fushi ba, abin da har gobe nake jin haushinsa ke nan. Ya ɗauka rashin sani ne, rashin sani kuwa shi maganinsa ya iya. Ya ɗauki ƙwarya biyu da wake ya ce in raka shi zauren Alhaji. Wannan ma wasan aji ne da yake yi wa yara. Kowace ƙwarya ya zuba jan wake da fari daidai wa daida. Ya ce wannan ƙwaryar uba ce, wannan ta uwa. A rufe ido a ɗauko ɗaya nan, ɗaya can. Ja da ja, yaro ya zo da fata irin tamu. Ja da fari, haka nan, sai dai yana ɗauke da farin a ɓoye. Sai fari ya gamu da fari ake samun zabiya. A aji yakan tsince farin wake kaf daga ƙwaryar uba, ya ce duk wanda ya fid da fari biyu ya ba shi kekensa. Yara su yi ta ɗiba har a tashi, keke na nan.

Ya tsuguna gaban Alhaji da mutanensa ya yi bayani a hankali. Ya ce, "Alhaji, farin waken nan wani ɗan sauyi ne da ya faru a jikin wani kaka can baya, tun kafin a ja layin da ya raba mu da 'yan'uwanmu na tsallake. Ina ɗauke da shi ko Inna na ɗauke da shi, ban musa ba. Amma ƙwarya ɗaya ba ta fid da fari biyu. Akwai shi a gidanku kamar yadda yake a gidana. Ba laifin kowa ba ne, ba abin kunya ba ne."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, ni za ka mai da ƙwarya? Zuriyata ce wake?"

Ya sa ƙafa ya shure su. Wake ya watsu har bakin titi. Na miƙe, na rantse da a ce Kawu bai riƙe mini riga ba, da yau ana ba da labarin yadda ɗan kamasho ya tura Alhaji Maraɗi ba mota. Kawu ya ce, "Zauna." Ya duƙa, dattijo da furfurarsa, yana tsintar wake ɗaya bayan ɗaya gaban masu dariya. Ya ce, "Abinci ne, ba a barinsa a ƙasa."

Bai tsaya nan ba, Alhajin. Yana da baki a kwamitin iyayen yara. Ya tara su ya ce malamin nan yana koya wa 'ya'yansu wasa da halittar Allah, yana tara kajin tsafi, ga sakamako nan ya gani a gidansa. Aka yi ta kai ƙara har aka ɗauke Kawu daga makarantar gari aka jefa shi wata ta ƙauye can wajen garin Kusa, inda ajin ba ƙofa, awaki ke zuwa ɗaukar darasi. Ya tafi da kekensa da gwangwanayensa. Da na je duba shi sai na tarar ya sa yaran ƙauye sun kewaye wata akuya mai ɗigo-ɗigo suna gardama a kan ubanta. Ya ce mini, "Ka ga, nan kayan aiki da ƙafarsu suke zuwa."

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi. Alhaji ɗan kasuwa ne mai motocin shinkafa, sai na shirya da yaran tasha cewa duk motar Alhaji da ta shigo Magama ba mai ɗora mata ko buhu, ba mai sauke mata. Mu ga ko shinkafa na da ƙafa. Kawu ya ji, ya zo har rumfata, ya ƙi zama.

"Wa ya aike ka?"

"Kawu, mutumin nan ya ɓata 'yarka, ya ɓata jikarka, ya kore ka daga aiki. Sai yaushe?"

"Direbansa mi ya yi maka? Masu dakon da za su kwana da yunwa fa?"

"To a bar shi haka nan?"

"Ni ba so nake ya durƙusa ba. So nake ya gane. In ka tilasta masa ya faɗa, gobe zai ce tilas ce, yarinya na nan inda take."

Na ce masa haƙurinsa ya yi yawa har ya fara wari. Ya ce bakina ya fi kaina girma tun ina cikin zani. Muka yi wata ba mu gaisa da kyau ba, har sai da ya aiko a kira ni in zo a ɗaga hannuna a aji.

Taubashiyata ta yi wani auren daga baya, ta bi miji kudu, ta bar garin da ake nuna ta da baki. Yarinya ta tashi a hannun Kawu da Inna. Bai taɓa barin ta fita rana ba malafa ba. Yana da masaƙi na musamman da ke yi mata mai faɗin baki, da ɗan jan zare a gefe don kada ta ɓace cikin na mutane. Riga mai dogon hannu, man shafawa daga asibiti, kujerar gaba a aji saboda idonta. Wata rana tana ƙarama ta ga farin tsiro ya bushe a gwangwani, ta fashe da kuka ta ce ita ma haka za ta yi. Kawu ya ɗora ta a cinya ya ce, "Shi da ganye yake cin abinci, shi ya sa. Ke da mi kike ci?" Ta ce da baki. Ya ce, "To bakin nan da ke cinye mini tuwo kullum, ke da mutuwa sai kin ga jikokin jikoki. Inuwa kawai kike so, amarya, inuwa kuwa ga ni."

Bayan ya yi ritaya sai tsallakawarsa ta ƙaru. Kusan duk ranar kasuwa sai ya zo tasha da ƙullin kaya, in sa shi a gidan gaba, in ce wa direba, "Ka riƙe mini shi da kyau kada iska ta ɗauke shi." In na tambaya ya ce kaji zai dubo. Ko lokacin da aka rufe boda bai fasa ba, ya bi 'yan babur ta hanyar daji, tsoho da ciwon ƙafa. Na yi ta yi masa tsiya cewa ko dai wata bazawara ya ajiye a can. Ya ce, "Kai dai sa ni a mota."

Ranar addu'ar uku da safe, ina tsaye bakin zaure ina nuna wa baƙi wuri, sai ga wata mata da ɗan'uwanta sun sauka daga motar tsallake. Tana riƙe da hannun wata 'yar yarinya. Yarinyar fara ce sol. A kanta akwai malafa mai faɗin baki da jan zare a gefe.

Matar ta ce, "Halan nan na gidan Malam mai malafa? Mun ji rasuwa, mun taho gaisuwa."

Na ce, "Nan ne. Daga ina?"

Ɗan'uwan ya ja ni gefe ya warware mini. Matar nan ita ce wadda ɗan Alhaji ya aura bayan ya saki taubashiyata, 'yar danginsu ce ta can. Da ta haifi wannan yarinya, Alhaji ya hana a kawo su Jibiya, ya kama musu gida a can, ya ce kada wanda ya ji. Kawu ya gamu da su a kasuwa wajen neman kajinsa, ya ga yarinya tana tafiya cikin rana fatarta duk ta ƙone, ya bi su har gida. Tun daga ranar shi ke kai malafa da riguna da mai. Ya san ko jikar wa ce tun ranar farko. Matar ta ce, "Ya ce kada in gaya ma kowa, wai ɗiya ba sanda ba ce da za a ɗauka a bugi wani da ita."

Jama'a, shekara da shekaru mutumin nan na yawo da wuƙar da za ta yanke maganar Alhaji a aljihu, ni ina sa shi a mota, bai taɓa zaro ta ba.

Ni kuwa ba Kawu ba ne. Muryata in na kira fasinjan Maraɗi, na Zinder ma fitowa suke. Na gyara tsayuwa, na cika ƙirji, zan sanar da cewa ga jikar Alhaji ta iso daga tsallake. Sai na ji an taɓa mini hannu. Jikar Kawu ce, ta fito daga cikin gida da hijabinta, ta ji komai daga bayan ƙofa.

Ta ce, "Kawu na Tasha, kada ka yi mata shela kamar kaya. Ba ni ita."

Ta tsuguna ta gyara wa ƙaramar malafa, ta tambaye ta sunanta, ta ce, "Ni yayarki ce. Zo mu gai da kakanmu." Ta kama hannunta suka ratsa tabarmin maza. Liman ya shafa fatiha ke nan, ana raba waina da goro. Alhaji na nan yau ma a tabarmar gaba, da carbinsa da rigar sitaci. Suka durƙusa gaban Alhaji, fari biyu jere, goshi iri ɗaya, kuma duk wanda ke da ido ya ga goshin wane ne.

Babbar ta ce, "Kaka, ina kwana. Ya haƙuri?"

Ƙaramar da ta saba ganinsa in ya je can, ta washe baki ta ce, "Alhaji Kaka! Yaushe ka zo nan?"

Carbin ya tsaya. Sitacin rigar ma sai da ya yi laushi. Ya dubi hagu, ya dubi dama, babu ƙofa sai fuskokin mutanen da suka ji abin da ya faɗa shekarun baya. Liman, tsoho ne da ba ya tsoron kowa, ya ce, "Alhaji, yara na gaishe ka. Naka ne?"

Alhaji ya gyara zama. Ya ce, da wata murya kamar ta sauro, "Nawa ne."

Liman ya ce, "Ban ji ba, kunnen ya tsufa. Ƙaramar ko babbar?"

"Dukansu biyun. Jinina ne."

Daga cikin gida na ji kukan taubashiyata, da ta zo zaman makoki daga kudu, ya tashi, irin kukan da aka daɗe ana haɗiyewa. Mutane suka fara salati. Wani ya ce alhamdu lillahi, a yafi juna, magana ta wuce. Alhaji ya miƙa hannu zai dafa kan babbar, yana ƙoƙarin murmushi, har ya fara cewa, "To, amarya..."

Ta janye kanta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mai ce mini haka ya rasu. Na gode da ka faɗa, uwata ta ji, gari ya ji. Amma ba ni ce na fi jiran maganar nan ba. Wanda ya jira ta yana maƙabarta. Ka je ka gaya masa."

Ta kama hannun ƙanwarta suka koma ciki.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yi masa inuwa kamar yadda ya yi wa 'ya'yan mutane, Ya sa duk yaron da ya taɓa zura wake a zarensa ya zama shaida gare shi. Ya ba Inna haƙuri, Ya raya yaran nan biyu cikin mutunci. Na san da yana nan da cewa zai yi ya isa, mutum ya gane, a bar shi. Shi ke nan, shi ya yafe, halinsa ne. Ni ban kai can ba, kuma ban ga alamar zan kai da wuri ba.

Alhaji har yau bai je maƙabartar ba. Don haka kullum da safe, kafin in wuce tasha, sai in tsaya da babur a ƙofar shagonsa, daidai lokacin da 'yan kasuwa suka cika, in kashe inji, in gaishe shi da ladabi kamar yadda Kawu ya koya mini, in share kujerar baya da hulata.

"Alhaji, yau za mu je?"